Kimiyya A Sauƙaƙe: Kafin Ka Sayi Katin Hoto Domin Aikin Bidiyo

 

A wannan karo za mu tsaya ne a kan wata tambaya da ta yi ta maimaita kanta a cikin wasiƙun da ke iso mana daga nan cikin Sabha, da Murzuk, da Ubari, har da Gat. Yawancin masu tambayar ƙannenmu ne da ɗalibanmu na jiya, maza da mata, waɗanda suka rungumi sana'ar ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu. Kukansu iri ɗaya ne. In sun zauna haɗa aiki, watau abin da Larabawa ke kira montaj, mutanen Kano kuma su ce editin, sai hoto ya riƙa cijewa yana in'ina, murya ta yi gaba hoto ya biyo baya, aikin yini ɗaya ya koma na mako guda. Sun je wurin masu shago, an ce musu maganin abin shi ne su sake katin hoto, wanda a kasuwa ake kira kart shasha. To, wane iri za su saya?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Kati mai ɗan dama-dama kuɗinsa ya kai abin da yaro zai tara daga bukukuwa masu yawa. Da dala ake shigo da shi, kuma kowa ya san halin da dinari ya shiga, domin a watan Afrilun 2025 ma Babban Bankin Libya ya rage darajarsa da kashi 13.3 cikin ɗari. Sau da yawa kuma sai an aika Turabulus, tafiyar sama da kilomita 700, in an kawo bai yi ba mayar da shi wani babban aiki ne. Ga iyayen amarya sun zuba ido suna jiran aikinsu, ga dangi a Damagaram da Maraɗi da Katsina suna ta bugo waya. A cikin al'umma ƙarama irin tamu, inda kowa ya san kowa, mai sana'ar da ya saɓa alkawari sau biyu ya gama rasa kasuwa.

Amsarmu a taƙaice ita ce, kada a sayi kati sai an tabbatar katin ne mai laifi. In kuma har za a saya, a dubi irin bidiyon da ake ɗauka, da manhajar da ake aiki da ita, da ƙarfin wutar kwamfutar. Abin da masu wasan kwamfuta ke yabo daban, abin da mai haɗa bidiyo ke bukata daban. Bari mu bi abin daki-daki.

Me Ya Sa Hoto Ke Cijewa?

A zamanin kaset, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, injin bidiyo biyu sun isa a haɗa aiki, wannan na kunnawa wancan na ɗauka. Yau kuwa hoto ya yi nauyi. Bidiyon da ake kira 1080 kowane hoto ɗaya a cikinsa yana da ɗigo fiye da miliyan 2, shi kuwa 4K yana da fiye da miliyan 8, watau ninki huɗu ke nan. A cikin kowace daƙiƙa kuma akan jera irin wannan hoto 25 ko 30, wani lokaci har 60.

Da za a ajiye duk waɗannan hotuna yadda suke, da bikin yamma ɗaya ya cika faifan ajiya. Saboda haka kyamara takan matse su ta ƙulle, kamar dilar gwanjo. Hanyoyin ƙullin da suka fi yawo su ne H.264 wanda ya fito a 2003, da H.265 na 2013, wanda ake kuma kira HEVC.

Ga yadda dabarar take. Mu ɗauka malamin aji ya rubuta sunayen ɗalibansa kaf ranar Lahadi. Ranar Litinin bai sake rubuta su ba, sai kawai ya ce wane bai zo ba. Ranar Talata ya ce wane ya dawo, wance ta tafi. In aka tambaye ka su wane ne ke cikin aji ranar Alhamis, tilas ka koma kan jerin ranar Lahadi ka biyo canje-canjen ɗaya bayan ɗaya. Haka kyamara ke yi. Takan ajiye cikakken hoto ɗaya, sa'an nan ta riƙa rubuta abin da ya canza kawai a hotunan da ke biye. Mai kallo ba ya jin nauyin wannan, domin daga farko yake bi har ƙarshe. Amma mai haɗa aiki tsalle yake yi, ya je gaba ya dawo baya, ya ɗora kyamara biyu ko uku a kan juna, kuma duk tsallen da ya yi sai kwamfuta ta koma ta kwance ƙullin daga tushe. Yawancin cijewar da ake kuka da ita a nan take.

Shi katin hoto aiki uku yake yi wa mai bidiyo. Na farko, yana da wani ɗan inji na musamman mai kwance ƙulli lokacin aiki, da wani mai sake ƙullewa lokacin fitar da aikin. Na biyu, shi ke ɗaukar nauyin gyaran launi, da daidaita hoton da hannu ya girgiza, da share dishi-dishin hoton dare. Na uku, yana da ma'ajinsa na kansa inda yake shimfiɗa hotunan da yake aiki a kansu. Kati na iya zama gwani a wasa amma ya gaza a na farkon, wanda shi ne ya fi damun mai bidiyon biki.

Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Kafin a fitar da ko dinari ɗaya, a yi wannan gwaji. A buɗe aikin da ya fi cijewa, a kunna shi, sa'an nan a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani allo mai suna Task Manager zai fito. A shiga shafinsa na biyu, inda ake ganin zanen aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi. Tun 2017 Windows 10 ke nuna aikin katin hoto a wurin, haka ma Windows 11.

In aka ga furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta cika kashi ɗari, alhali layin katin da aka rubuta Video Decode yana kwance bai motsa ba, to furosesa ce ke kwance ƙullin ita kaɗai. Ko dai katin bai san irin wannan ƙulli ba, ko kuma manhajar ce ba ta miƙa masa aikin ba. In ram ne ya cika, katin duniya ba zai yi magani ba, ram za a ƙara. Kamfanin Adobe da kansa shawarar da ya bai wa masu Premiere Pro ita ce giga 16 don aikin 1080, da giga 32 don 4K. In faifan ajiya ne ya tsaya a kashi ɗari, to a san tsohon faifai mai juyawa ba kasafai yake wuce mega 200 a daƙiƙa ba, shi kuwa SSD ko na talaka yana kai wajen 500. Sai in an ga katin da kansa ya cika, ko ma'ajinsa ya ƙare, sa'an nan za a ce an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata a duba. Na ɗaya, wayar da ke zuwa allon kallo ta kasance a jikin katin take, can ƙasa, ba a ramin da ke sama kusa da na linzami ba. Na biyu, in matsalar ita ce murya da hoto suna rabuwa a bidiyon da aka ɗauka da wayar hannu, wannan ba laifin kati ba ne. Waya takan sassauta ko ta ƙara yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa gwargwadon haske da zafinta, manhajar haɗa aiki kuwa ba ta son haka. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HandBrake da ke daidaita shi kafin a soma aiki.

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ya sani cewa katinta a like yake da jikin allon cikinta, ba a cire shi. Abin da zai iya ƙarawa shi ne SSD, da ram in irin wadda ke karɓa ce.

Maganin Da Ba Ya Cin Ko Dirhami

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya san wakili. Ango na can gefe, wakilinsa ne ke karɓar aure, amma in an shafa fatiha matar ta ango ce. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Filmora da CapCut na kwamfuta duk suna da irin wannan tsari, wanda suke kira furokzi. Manhaja takan yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, a yi yanka da jeri a kansa cikin sauƙi, in an zo fitar da aiki sai ta koma kan na asali mai cikakken kyau. Abin da ake biya kawai shi ne lokaci da wurin ajiya. A sa kwamfuta ta yi wakilan da dare in akwai wuta, da safe a tashi a kama aiki.

Har ila yau, ana iya rage kyan hoton da ke ƙaramin allon dubawa zuwa rabi ko rubu'i, wannan ba ya taɓa aikin da za a fitar. Sa'an nan mai sana'a ya tambayi kansa ko lallai yana bukatar 4K. Yawancin aikinmu a waya ake kallonsa, ta WhatsApp da Facebook ake aika wa dangi, su kuma waɗannan sukan sake matse bidiyon su rage shi. Wanda ya ɗauki biki a 1080 da haske mai kyau da murya tas ya fi wanda ya ɗauka a 4K cikin duhu. Da yawa daga masu tambayarmu in suka bi waɗannan matakai za su ga kwamfutarsu ta warke ba tare da sun je kasuwa ba.

In Katin Ne, Me Za A Duba?

Abu na farko shi ne irin ƙullin da kyamararka ke yi. A shiga tsarin kyamarar a karanta, ko a duba takardarta. Wayoyin iPhone tun 2017 suka koma ɗauka da H.265, daga iPhone 12 na 2020 kuma suka ƙara da launi mai bit 10, watau kowane launi yana da mataki 1,024 maimakon 256. Tsofaffin katuna irin su GT 710 da GT 730 da GTX 750 Ti ba su da cikakken injin kwance H.265. A gidan NVIDIA sai daga kan GTX 960 na 2015 aka same shi, daga nan ya bi jerin GTX 10 na 2016 da duk na bayansu.

Wanda ke da babbar kyamara irin Canon R5 ko R6, ko Sony A7S III ko A7 IV, ya ƙara lura. Waɗannan suna iya ɗauka a wani tsari da ake rubutawa 4:2:2 mai bit 10, wanda ke riƙe bayanin launi ninki biyu na wanda aka saba. Katunan NVIDIA na jerin RTX 20 da 30 da 40, duk tsadarsu, ba su kwance wannan ƙulli da injinsu. Sai a jerin RTX 50 na 2025 aka sa musu. Amma abin mamaki, ɗan ƙaramin katin da ke cikin furosesar Intel, wanda ake kira Quick Sync, yana kwance H.265 na wannan tsari tun daga zubi na 11, haka ma katunan Intel Arc. Saboda haka mai irin wannan furosesa kada ya bari a kashe masa katin cikinta don an sa babba, su biyun suna iya raba aiki. Furosesar da sunanta ya ƙare da harafin F kuwa ba ta da katin ciki sam.

A kuma yi hattara da katunan da aka rage wa inji. GT 1030 ba shi da injin ƙullewa na fitar da aiki. Haka ma RX 6400 da RX 6500 XT na kamfanin AMD, waɗanda suka fito a 2022. Sababbi ne a kwali, farashinsu da sauƙi, amma ba don mai bidiyo aka yi su ba.

Abu na biyu shi ne ma'ajin katin. A ganinmu giga 4 zuwa 6 sun wadatar da mai aikin 1080. Mai 4K kada ya sauka ƙasa da 8, in ya sami 12 ya fi kwanciyar hankali, musamman mai aiki da DaVinci Resolve, wadda ta fi sauran jingina da kati. A nan ma akwai tarko, domin kamfanoni kan sa wa kati biyu suna ɗaya. GTX 1060 akwai mai giga 3 akwai mai 6. RTX 3060 akwai mai 12 akwai mai 8. RTX 4060 Ti da RTX 5060 Ti kowanne akwai mai 8 akwai mai 16. A karanta kwalin da kyau. Kada kuma yawan giga kaɗai ya ruɗi mutum, don akwai GT 730 mai giga 4, wanda babban rumbu ne a kan ɗan jaki.

Abu na uku shi ne manhajar kanta. Premiere Pro sai a shekarar 2020 ta soma amfani da injinan kwancewa da ƙullewa na katunan NVIDIA da AMD. Wanda ke riƙe da tsohon zubi irin CS6 na 2012, ko ya sa sabon kati furosesa ce za ta ci gaba da kwance ƙullin. DaVinci Resolve kuma iri biyu ce, ta kyauta da ta kuɗi mai suna Studio wadda ake sayarwa dala 295, kuma a kan Windows ta kuɗin ce ke cin cikakkiyar moriyar injin kwancewa na kati. Mai ta kyauta sai ya riƙe dabarar wakili da muka ambata.

Wuta, Zafi Da Ƙura

Masu rubuta sharhin katuna a Turai da Amurka ba su san gibli ba, ba su kuma san ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da aiki ba. Mu da ke Fezzan tilas mu sa waɗannan a lissafi.

A cikin kowace kwamfuta akwai akwatin da ke raba wa sassanta wuta, wanda masu gyara ke kira fawa safulai. A buɗe murfi a karanta wat nawa aka rubuta a jikinsa. Ramin da ake soka kati wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta daban daga fawa safulai, mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. RTX 3060 yana cin wat 170, kuma NVIDIA ta ce a haɗa shi da fawa safulai mai wat 550. RTX 4060 wat 115 yake ci. RX 580, wanda ya cika kasuwar na hannu, yana cin 185.

Kwamfutocin ofis da ake kawowa na hannu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, yawanci fawa safulai ɗinsu ƙarami ne, ba shi da wayar kati, kuma ba kowane iri ke shiga gurbinsa ba. Wasu ma akwatin siriri ne, sai gajeren kati. Mai irin wannan ya nemi katin da ramin kaɗai ke ciyarwa, kamar yawancin GTX 1650, ko RTX 3050 mai giga 6 na 2024 wanda ke cin wat 70. Kada a yarda a yi wa babban kati jone-jone da 'yan wayoyin faifan ajiya, domin sukan yi zafi har su narke, su tafi da kwamfutar baki ɗaya. A auna tsawon akwati da ma'auni kafin a aika saye.

Batun zafi kuwa, kowa ya san yadda bazarar Sabha ke haura digiri 40. Kati yana da hankalin kare kansa, yawancin na NVIDIA da zarar sun doshi digiri 83 sai su rage gudu. Ma'ana, kati mai cin wuta da yawa a ɗakin da ba na'urar sanyi zai koma yana aikin ƙaramin kati, alhali kuɗin babba aka biya. Shi ya sa a wurinmu kati mai ƙarancin cin wuta ya fi daraja, kuma shi ne janareta ko batirin sola zai iya ɗauka. Mai fanka biyu ya fi mai fanka ɗaya.

Ƙura kuma ita ce ɗan hakin da ka raina. Takan toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, ta kashe fanka. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa a ɗora kan tebur, a rufe ta da zane in an kashe, a riƙa busa mata iska duk bayan wata ɗaya ko biyu, musamman bayan gibli, ana riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Kuma duk wanda zai kashe kuɗi a kan kati, ya ware wani abu ya sayi UPS, watau batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci in an ɗauke wuta, ya samu ya adana aikinsa ya kashe ta cikin natsuwa.

Kasuwar Na Hannu

Ba laifi ba ne sayen na hannu, amma ba a cinikin biri a sama. Katuna da yawa da ke yawo a kasuwa sun fito ne daga wuraren haƙar kuɗin intanet, inda suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Ranar 15 ga Satumban 2022 kuɗin Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa, sai masu ita suka juye katunansu a kasuwannin duniya. Ƙasar nan ma harkar haƙar ta yi ƙarfi saboda arhar wutar lantarki, har a watan Yunin 2023 hukuma ta kama 'yan ƙasar Sin 50 a Zliten a kanta. Irin wannan kati na iya yin aiki, amma sau da yawa fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe.

Akwai kuma na jabu. Akan ɗauki tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sake masa suna a cikinsa, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Alama ɗaya ita ce, in ka ga katin da ake cewa GTX 1050 Ti ne amma yana da shuɗin ramin nan na tsofaffin allunan kallo, to abin zargi ne. Ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana tona asirin da yawa daga cikinsu, tana kuma nuna zafin kati yayin da yake aiki.

Shawararmu ita ce, ka tafi shago da bidiyonka a filasha, wanda kyamararka ta ɗauka. A sa katin a gabanka, a kunna aikin, a fitar da minti goma ko ashirin kana kallon zafinsa, kana sauraren fankar. In ka ga ɗige-ɗige masu launi ko allo ya ɗauke, ka tashi. Ka nemi mai shago ya rubuta maka kwanakin gwaji a kan rasit. In daga Turabulus za a aiko, a sami ɗan'uwa amintacce a can ya yi wannan gwaji a madadinka. A kuma sani cewa a watan Oktoban 2025 NVIDIA ta daina yi wa jerin GTX 900 da GTX 10 sababbin direbobi, watau 'yan manhajojin da ke haɗa kati da Windows, sai dai gyaran tsaro. Suna aiki har yanzu, amma sababbin manhajoji za su riƙa barinsu a baya, don haka kada a saye su da tsada.

Wani abu da ba ma so a manta shi ne amana. Faifan mai bidiyon biki cike yake da hotunan matan mutane a cikin gidajensu. Duk wanda zai kai kwamfutarsa a sa mata kati, ya cire faifan da aikin ke ciki ya bar shi a gida, ko kuma ya tsaya a yi aikin a gabansa. Ƙannenmu mata masu ɗaukar ɓangaren mata su suka fi kowa sanin nauyin wannan magana.

Daidai Ruwa Daidai Tsaki

To, ga yadda muke ganin rabon. Mai ɗauka da waya ko ƙaramar kyamara a 1080, yana haɗawa a CapCut ko Filmora, ya fara da SSD da ram giga 16. In furosesarsa Intel ce ta zubi na 7 zuwa sama mai katin ciki, wataƙila ma ba ya bukatar wani kati. In ya bukata, GTX 1650 ko RTX 3050 sun ishe shi.

Mai kyamara biyu ko uku da ɗan jirgin ɗaukar hoto, wanda ke taɓa 4K yana kuma gyaran launi, RTX 3060 mai giga 12 abokin tafiya ne, ya fito a 2021 a kan dala 329. RTX 4060 na 2023 ya fi shi sauƙin wuta amma giga 8 gare shi. Intel Arc B580 mai giga 12 ya fito a Disamban 2024 a kan dala 249, sai dai ba ya sakin jiki a tsohuwar kwamfuta, sai mai sabon allon ciki.

Mai babbar kyamara mai ɗaukar 4:2:2 kuwa, ko dai ya dogara da furosesar Intel ta zubi na 11 zuwa sama in H.265 yake ɗauka, ko ya nemi jerin RTX 50, misali RTX 5060 Ti mai giga 16 wanda ya fito a Afrilun 2025 a kan dala 429. Waɗannan farashin ranar fitowa ne a can ƙasashensu. Kafin kaya ya iso Sabha an ɗora kuɗin canji da na mota da ribar ɗan kasuwa, ga shi kuma tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke wawure shi. A tambayi shago uku kafin a biya.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙannenmu da kada su ci bashi don sayen katin da ya fi ƙarfin aikinsu. A lissafa biki nawa za a ɗauka kafin kati ya mayar da kuɗinsa. In lissafin ya haura shekara guda, a dakata, a yi aiki da wakili, a sa kuɗin a fitila da makirufo mai kyau, domin su ne iyayen amarya za su gani su kuma ji.

Masu son ƙarin bayani su rubuto mana ta ofishin wannan mujalla, su faɗi sunan furosesarsu, da yawan ram, da wat ɗin fawa safulai, da irin kyamara da manhajar da suke aiki da su, domin sai da waɗannan za mu iya ba da amsa mai amfani. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake adana bidiyon mutane don kada faifai ya mutu da aikin shekara guda. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kare mu daga asara. Wassalam.